Ƙugiyar da ta faɗi a hanya: nazari kan rubutun Hausa a salula

Kwanakin baya ina fama da ciwon gwiwa, a daidai lokacin kuma na sa wani mai aiki ya kafa mini rumfa a ƙofar gida. Sai ga saƙo a salula daga ɗan ƙanena da ke karatu a Yamai, kalmomi uku kacal: "Baba, ya kafa?" Na amsa masa da cewa bai kafa ba tukuna, ana jiran a kawo zana. Jim kaɗan yaron ya kira ni, muryarsa cike da damuwa, yana tambaya wace irin zana ce ake ɗaura wa mai ciwo. Ashe gaisuwa ce ya aiko, yana nufin ya ƙafa. Mun yi dariya har na manta da gwiwar, amma bayan na ajiye wayar sai abin ya tsaya mini a rai, domin yaron nan ba jahili ba ne, ni da kaina na koya masa bambancin k da ƙ tun yana ɗan ƙarami.

Baƙaƙe huɗu ne ke ɗauke da ƙugiya a rubutunmu na boko: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ba ado aka yi musu ba. Su ne ke raba bari da ɓari, da koko da ƙoƙo, da kara da ƙara, da yaya da ƴaƴa. Malamanmu na allo sun san da wannan bukata tun kafin zuwan Nasara, shi ya sa a ajami suka ɗauki baƙin Larabci da muke kira ɗa mai hannu suka ba shi aikin ɗ. A boko kuwa an daɗe ana lalube, wasu na sa ɗigo a ƙarƙashin baƙi, wasu na sa waƙafi a gabansa, kafin ƙugiya ta samu gindin zama a shekarun 1930, zamanin da aka buga Magana Jari Ce ta Abubakar Imam a Zariya, aka kuma fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Daga baya aka yi taron Bamako na 1966 kan rubutun harsunan Afirka ta Yamma, a 1999 kuma hukumar ilimi ta ƙasarmu ta tsaida ƙa'idar da muke bi a makarantu. A nan ne muka sha bamban da ƴan'uwanmu na Nijeriya a kan baƙi ɗaya: mu muna rubuta ƴ, su suna rubuta y da waƙafi a gabanta.

Wanda ya yi aikin koyarwa a zamanin keken rubutu ya san wahalar da aka sha a kan waɗannan ƴan ƙugiyoyi. Keken na Faransanci ne, bai san su ba. Sai mutum ya gama buga darasi, sa'an nan ya ɗauki biro ya bi layi layi yana lanƙwasa kan kowane baƙi da hannu, kamar mai tsintar tsakuwa a cikin shinkafa. Da kwamfuta ta zo, masu kishin harshe suka ƙera wasu haruffa na musamman, suka ɓoye ƙ da ɗ da ɓ a gurbin alamomin da ba a cika amfani da su ba. Dabara ce mai kyau muddin takardar tana gida. Da zarar ta je kwamfutar da ba ta da waɗannan haruffa, sai ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya. Har yau mai tonon tsofaffin takardu a intanet yana cin karo da irin wannan rubutu, kamar zanen da gara ta ci.

Abin da ya fi ba ni mamaki, wanda kuma na jima ban sani ba, shi ne cewa akwai lokacin da ƙugiya take cin kuɗi. Salula ta shigo Nijar a 2001, kuma shekaru da dama babban abin da talaka yake iya biya shi ne gajeren saƙo. To, tsarin da aka gina gajeren saƙon a kansa, a Turai aka tsara shi, yana da jerin baƙaƙen da ya sani. Muddin mutum bai fita daga jerin ba, saƙo ɗaya yana ɗaukar baƙaƙe 160. Idan kuwa ya saka ko da baƙi guda wanda ba ya cikin jerin, sai saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsari mai ɗaukar 70 kawai. A cikin jerin akwai é da è da à na Faransanci, akwai ñ na Sifaniyanci, akwai ß na Jamusanci, har da wasu manyan baƙaƙen Girkanci. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, balle ƴ. (Faransawa ma ba su tsira duka ba, domin ê da ô ba sa ciki, sai dai su kalmominsu masu irin wannan hula ba su kai yawan namu masu ƙugiya ba.) Ma'ana, ko da wayar mutum ta iya fitar da ƙ, wanda akasarin wayoyin wancan lokaci ba su iya ba, rubuta Hausa daidai yana iya mayar da saƙo ɗaya biyu ko uku. Babu wanda ya zauna ya ƙulla mana wannan da gangan. Ba a tuna da mu ba ne kawai, kuma sakamakon ɗaya ne: tsara guda ta koyi rubutun yau da kullum a kan na'urar da ke cin tarar duk wanda ya bi ƙa'ida.

Saboda haka ba na cikin masu zagin matasa a kan wannan batu. Hasali ma idan aka duba rubutunsu da idon basira, za a ga abin yabo. Da yawa daga cikinsu suna rubuta qasa da qarfi, suna sa q a gurbin ƙ tunda Hausa ba ta da aikin da take ba ta. Wasu suna rubuta 6ata da 6arawo, domin lambar 6 ta yi kama da ɓ. Malami yakan ga wannan ya ɓata rai, ni ma na ɓata a da. Amma me yake nunawa? Yana nuna cewa kunnen yaron lafiya lau yake, yana jin bambancin sautin, hannunsa kuma ya ƙi yarda ya haɗa abin da harshensa ya raba. Wanda ya rubuta qasa ya fi kusa da ƙa'ida a kan wanda ya rubuta kasa, ko da na biyun ne ya fi kama da rubutun manya. Kuma abin takaici, na biyun shi ne ya cika allunan sanarwa da takardun gayyata da tallace-tallace, wato rubutun mutanen da ke da kwamfuta da lokaci da sakatare.

Akwai hujjar da ake kawowa, kuma ba ta da rauni kamar yadda wasunmu suke zato. Ana cewa ai rubutun Hausa tun asali ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Gari na mutane da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, fari na launi da fari na rashin ruwa haka nan, kuma ba a taɓa jin wanda ya tuƙa birni ba. Idan mai karatu yana iya rarrabe waɗannan daga zancen da ke kewaye da su, me zai hana ya rarrabe baki da baƙi? Gaskiya ne, yana iyawa, sau tara cikin goma. Sai dai wannan hujja a ganina ta juya ta sari mai ita. Rubutun da ya riga ya bar wa mai karatu kaya biyu, na sauti da na wasali, bai kamata a ɗora masa na uku ba. Sa'an nan wane ne wannan mai karatu da ake dogara da shi? Bahaushe ne baligi wanda ya sha harshen a nono. Shi ne ke cike giɓin daga abin da ke cikin kansa. Yaron da ke aji na biyu yana haɗa baƙi da wasali ba shi da wannan jari tukuna. Bazabarme ko Buzu ko Babarbare da ke koyon Hausa daga takarda, shi kam abin da ya gani shi zai furta, kuma mu ne za mu fara yi masa dariya idan ya ce kasarmu.

Wani abu kuma ya faru wanda ya sassauta matsalar ta wani gefe, ya tsananta ta ta wani. A 2013 WhatsApp ta fito da saƙon murya. Ban san wata ƙirƙira da ta dace da ɗabi'ar mutanenmu kamarta ba. Tsohuwa a ƙauye wadda ba ta taɓa riƙe alƙalami ba tana gaida jikanta da ke Agadas ko Legas, gaisuwa cikakkiya, da ina gajiya da ina labari da sa albarka, ba tare da ta nemi ɗan makaranta ya rubuta mata ba. Karin sauti da tsawon wasali da ƙugiya duk suna nan a cikin muryarta, ba abin da ya faɗi. Wannan alheri ne, ba zan rage masa komai ba. Amma ya zo da wani rabon aiki da nake gani a tsakanin malamai ƴan'uwana: idan magana ta zumunci ce sai a yi ta da murya da Hausa, idan ta aiki ce sai a rubuta ta da Faransanci. Hausa ta koma baki, baƙi ya zama na wani harshe. Murya kuwa ba a sa mata hannu, ba a manna ta a bangon ofishi, ba a neman kalma ɗaya a cikinta bayan shekara biyar.

Batun nema ya kawo mu ga mai karatu na ƙarshe, wanda ba mutum ba ne. A wurin na'ura, ƙ da k baƙaƙe biyu ne masu lamba dabam-dabam. Kalma ɗaya da muka rubuta ta hanya huɗu, ƙasa da kasa da k'asa da qasa, tana iya zama kalmomi huɗu a wurinta, ɗaya daga cikinsu kuma ta cakuɗe da kasa ta gazawa da kasa ta maciji. Google ya shigar da Hausa cikin harsunan da yake fassarawa a ƙarshen 2013, kuma shi da duk injunan da suka biyo baya, har da masu hira da mutum na yanzu, hanyar koyonsu ɗaya ce: suna haɗiye rubutun da mutane suka zuba, su fitar da abin da ya fi yawa a ciki. Abin da muka shuka a intanet shi za a auna mana. Tunda kuma mafi yawan Hausar da ke can daga Nijeriya take fitowa, ƴ ɗinmu ita ce marainiyar cikinsu. Ba ina cewa tamu ta fi tasu ba, ko da yake baƙi guda ya fi sauƙin sarrafawa a kan baƙi da waƙafi, wanda wata na'urar ke miƙewa wata ke lanƙwasawa wata kuma ke yar da shi. Fulatanci ma da ƴ yake rubutu, tare da ɓ da ɗ, don haka ba mu kaɗai ke riƙe da ita ba.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Uzurin da muke da shi a 2005 ya ƙare. Baƙaƙen nan huɗu, manyansu da ƙananansu, suna cikin tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990, kuma wayoyin zamani da shi suke aiki. Saƙon WhatsApp ba ya ƙirga baƙaƙe 70. Allunan rubutu na waya, irin su Gboard, suna da Hausa, ƙara ta kawai ake yi a cikin jerin harsuna. Abin da ya rage sabo ne, da kuma wani tunani da ba mu cika furtawa ba, cewa Faransanci ne ke da kuskure, Hausa ko yaya aka rubuta ta ta yi. Malamin da zai ja jan biro a ƙarƙashin é da aka manta wa alama, shi ne zai rubuta sanarwar taron ƙungiyar raya harshen Hausa babu ƙugiya ko ɗaya. Na ga irin wannan sanarwa, kuma kalmar ƙungiya ce ta fara zuwa a cikinta, da k. Sunan Maraɗi kansa mun karɓe shi yadda taswirar Faransawa ta mayar mana da shi, har muna rubuta shi haka a tsakiyar jimlar Hausa.

Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram, kuma mun shafe shekaru muna kukan cewa an bar harsunanmu a matakin gwaji. A watan Maris na 2025 kundin da ke tafiyar da mulkin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Kowane irin ra'ayi mutum yake da shi a kan wannan mataki, kuma na san ƴan'uwanmu masu wasu harsuna suna da tambayoyin da suka cancanci amsa, abu ɗaya ya biyo baya: za a ƙara rubuta Hausa domin mutanen da ba harshen uwarsu ba ce, a takardun da kuskure a cikinsu ba abin dariya ba ne. Takardar asibiti da ta rubuta bari a gurbin ɓari, ko ta shari'a da ta rubuta da a gurbin ɗa a maganar gado, ba a warware ta da kiran waya kamar yadda muka warware zancen rumfa.

A taronmu na malamai na watan jiya na nemi alfarmar minti goma kafin a tashi, na ce kowa ya fito da wayarsa. Muka shiga wurin harsuna muka ƙara Hausa. Waɗanda wayarsu ta ƙi, wani matashi a cikinmu ya nuna musu allon da za su sauke. Ba a cika minti goman ba sai saƙonni suka fara shigowa cikin zaurenmu na WhatsApp, wannan ya rubuta ƙwarya, wancan ya rubuta ɓauna, kamar yaran da aka raba wa sabon alli. Wani dattijo da ya yi shekara talatin yana lanƙwasa ƙugiya da biro ya daɗe yana duban tasa wayar, sa'an nan ya ɗago kai ya tambaya inda ake samun babbar Ƙ, domin sunan ƙauyensu da ita yake farawa.