Kallo Na Biyu Shi Ne Alƙali: Sharhi Kan Kashin Farko Na "Tinker Tailor Soldier Spy"

Gabatarwa

Duk marubucin da ya gina labarinsa a kan wani ɓoyayyen asiri, to ya kwana da sanin cewa akwai ranar da za a yi masa hisabi, wato ranar da mai karatu ko mai kallo ya riga ya san asirin, sannan ya dawo ya sake bin labarin tun daga farko. A karon farko ɗoki ne ke jan mutum, sauri yake yi ya ga inda za a kwana, ba ya tsayawa duba ɗinki. A karo na biyu kuwa ɗoki ya kwanta, ido ya buɗe, duk inda aka yi ha'inci ko aka yi faci sai ya fito fili.

A wannan fitowa muna so mu duba wannan al'amari ta hanyar wani shahararren wasan kwaikwayon leƙen asiri na talabijin mai suna "Tinker Tailor Soldier Spy", musamman kashinsa na farko, da kuma irin abubuwan da masu sha'awarsa kan faɗa idan sun maimaita kallonsa. Muna ganin a cikin maganganun nasu akwai gaskiya, akwai kuma kuskure, kuma duka biyun suna da darasi ga mai son riƙe alƙalami.

Asalin Wasan

John le Carré, wanda sunansa na yanka David Cornwell, shi ya rubuta littafin da aka ciro wasan daga cikinsa, aka buga a 1974. Shi kansa ya taɓa aiki a hukumomin leƙen asirin Birtaniya guda biyu, MI5 da MI6, kafin ya koma rubutu gaba ɗaya, ya kuma rasu a 2020. Arthur Hopcraft ne ya mayar da littafin wasan kwaikwayo, John Irvin ya ba da umarni, gidan talabijin na BBC ya nuna shi kashi bakwai a watannin Satumba da Oktoba na 1979. Alec Guinness ne ya fito a matsayin tauraron wasan, George Smiley.

Jigon labarin shi ne cin amana. An gano cewa a cikin manyan hukumar leƙen asirin Birtaniya, wadda labarin ke kira Circus, akwai mutum guda da ya daɗe yana yi wa Tarayyar Sobiyat aiki. Turawa kan kira irin wannan mutum da sunan wata dabba mai haƙa rami a ƙarƙashin ƙasa, mu kuwa da gara za mu kwatanta shi, domin daga ciki take cin azara har soro ya rufta. Sai aka nemo Smiley, tsohon ma'aikacin da aka riga aka sallama, aka ce ya tono ko wane ne. Da ma an ce da ɗan gari akan ci gari.

Wasan ya zo a kan gaɓa. A lokacin tashoshin talabijin uku ne kawai a Birtaniya, ɗaya daga ciki kuma, wato ITV, ma'aikatanta suna yajin aiki, saboda haka jama'a suka yi dafifi a BBC. Bugu da ƙari, 'yan makonni bayan an kammala nuna shi, a watan Nuwamba na 1979, Firayim Minista Margaret Thatcher ta bayyana wa majalisa cewa Anthony Blunt, masanin zane-zanen da ya yi shekaru yana kula da hotunan gidan sarauta, ya taɓa yi wa Sobiyat leƙen asiri. Kafin wannan kuma mutane ba su manta da Kim Philby ba, babban jami'in MI6 da ya tsere zuwa Mosko a 1963. Ke nan abin da ake kallo a akwatin talabijin bai yi nisa da abin da ake karantawa a jarida ba.

Abin Da Kashin Farko Ya Ƙunsa

Wasan ya buɗe da wata fitowa ta kimanin minti biyu wadda kusan babu magana a cikinta. Mutum huɗu ne ke shigowa ɗakin taro ɗaya bayan ɗaya. Toby Esterhase ya shigo tsaf-tsaf, ya jera takardunsa. Roy Bland ya shigo da taba a baki yana tari. Percy Alleline, shugaban hukumar, ya zauna a kan kujerar shugabanci da alamar isa. Daga ƙarshe Bill Haydon ya shigo a makare, riƙe da kofin shayi da ya kifa wa faranti a kai, ya tura ƙofa da ƙafa ba ta rufu ba, har sai da Esterhase ya tashi ya rufe ta. Bayan wannan sai sunayen 'yan wasa suka biyo baya a kan hoton 'yar tsanar Rasha, irin wadda idan an buɗe ta akan tarar da wata a ciki, har aka kai ta ƙarshe wadda ba ta da fuska.

Daga nan sai aka nuna tsohon shugaban hukumar, wanda ake kira Control, yana ganawa a asirce da wani jami'i, Jim Prideaux. Ya lissafa masa mutum biyar da yake zargi, ya laƙaba wa kowa suna daga wata waƙar ƙidaya ta yaran Ingila: Alleline mai gyaran tukwane, Haydon tela, Bland soja, Esterhase matalauci, Smiley kansa kuma mabaraci. Ya tura shi Cekosulobakiya ta wancan lokaci ya karɓo sunan maci amanar daga bakin wani janar. Ashe tarko ne. Aka yi masa kwanton ɓauna a daji, aka harbe shi a baya, aka kama shi. Bayan wasu watanni muka tarar da Smiley a Landan ba aiki, Control ya mutu, matar Smiley, Ann, ta yi gaba abinta. Wani tsohon sani mai surutu, Roddy Martindale, ya tsare shi da tsegumi a wurin cin abinci, har yana yi masa habaici a kan abin da ke tsakanin Ann da Haydon. A daren ne aka zo aka ɗauke shi zuwa gidan Oliver Lacon, babban jami'in gwamnati, inda aikin ya soma.

Tun da sharhin namu a kan maimaita kallo yake, dole mu fasa ƙwan: Haydon ne maci amanar.

Abin Da Masu Maimaita Kallo Ke Cewa

Ƙorafin farko da aka yi a kan wasan tun 1979 shi ne rikitarwa. Ana ta komawa baya a cikin labari, ga kalmomin sana'a da ba a fassara ba, ga sunaye barkatai, har Terry Wogan, mai gabatar da shiri a rediyon BBC, ya mayar da abin raha yana tambayar masu sauraro ko akwai wanda ya gane inda aka dosa. A wancan zamani na'urar bidiyo ba ta yawaita a gidaje ba, wanda magana ta wuce shi ta wuce. Da kaset da faifai da intanet suka ba mutane damar tsayarwa da mayarwa baya, sai ra'ayoyi suka kasu, kuma za mu iya tattara su gida uku.

Kashi na farko su ne masu cewa ai tun minti biyun farko an faɗa mana komai. Dubi yadda Haydon ya shigo a ƙarshe, dubi yadda ya raina taron, dubi yadda ya bar ƙofa a buɗe kamar yadda ya bar ƙofar ƙasarsa a buɗe ga abokan gaba. Maganar tana da daɗin ji, amma a ganinmu ihu ne bayan hari. Mu ƙaddara Esterhase ne aka kama a ƙarshe. Da waɗannan mutane sun ce ai ga shi nan, shi ya tashi ya rufe ƙofa don yana da abin ɓoyewa, tsaftarsa ma ta munafunci ce. Da Bland ne, da sun ce tarin nan da zuƙar tabar alamar rashin kwanciyar hankali ce. Da Alleline ne, da sun kafa hujja da son mulkinsa. Abin da fitowar ta ba mu shi ne halin kowane mutum, kuma kowane hali daga cikin huɗun yana iya ɗaukar laifin. A nan gwanintar take. Mai kallo na biyu shi ke zuwa da laifin a aljihunsa ya rataya wa wanda ya riga ya sani.

Kashi na biyu su ne masu cewa da zarar ka san sunan, wasan ya zama lami, saura tafiyar hawainiya da tsofaffi masu shan shayi a ɗakuna masu duhu. Waɗannan sun ɗauki labarin tamkar kacici-kacici, wanda amfaninsa kan ƙare da an ba da gari. Da haka ne, da ba wanda zai nemi a sake yi masa tatsuniya. Wane yaro ne bai san cewa dabarar Gizo za ta yi aiki ko ta juye masa ba? Amma gobe da dare shi ne zai ce a maimaita, domin yadda abin zai faru yake son ji.

Kashi na uku, waɗanda muke ganin sun fi kusa da gaskiya, su ne masu cewa kallo na biyu ya fi ciwo. A karon farko ganawar Control da Prideaux bayani ce kawai da ake buƙata don labari ya tashi. Amma wanda ya kai ƙarshe ya san cewa Prideaux da Haydon aminai ne tun suna ɗalibai a Oxford, ya san cewa kafin Prideaux ya tafi sai da ya je wurin Haydon don ya gargaɗe shi, ya san Haydon ya bar shi ya faɗa tarkon, ya kuma san cewa a kashi na ƙarshe Prideaux ne zai kashe shi da hannunsa. Saboda haka idan aka ambaci tela a wannan ɗaki, fuskar Prideaux zai zura wa ido. Haka ma tsegumin Martindale. Da fari surutun banza ne mai gundurar Smiley da mu baki ɗaya. Daga baya sai ta bayyana cewa Karla, ubangidan Haydon a Mosko, shi ya tsara neman Ann, don in Smiley ya zargi Haydon a ce kishi ne ke damunsa, shi kansa ma ya yi shakkar hukuncinsa. Ashe babbar shaidar tana kan tebur tun kashin farko, an naɗe ta cikin gulma.

Inda Wasan Ya Gaza

Duk da haka, kallo na biyu yana tona wani rauni da masoya wasan ba su cika son a taɓo ba. An ce mana mutum huɗu ake zargi, amma ba a raba musu hasken daidai ba. Bland ɗan lokaci kaɗan ya samu, da ƙyar muka san abin da yake so a duniya. Alleline an yi shi wawa mai girman kai, wanda ba zai iya yaudarar hukuma shekara da shekaru ba. Esterhase ƙaramin mai neman shiga ne. Haydon kaɗai aka ba fara'a da basira da farin jini, shi kaɗai ke da alaƙa ta zuciya da Smiley da Prideaux. Don haka mai lura zai iya cankar sunan ba tare da wata shaida ba, ta hanyar tambayar kansa: cin amanar wa zai fi zafi? Masu cewa abin a bayyane yake suna da 'yar gaskiya a nan, sai dai hujjar tasu ta kofin shayi ce ba ta riƙe ruwa. Haka kuma Ann, wadda rabin labarin ke rataye a wuyanta, ba mu gan ta ba sai a ƙarshen kashi na bakwai, sauran duk a bakin maza muka ji ta.

Darasi Ga Marubutanmu

Da yawa daga cikin rubuce-rubucen sababbin marubuta suna dogara ne a kan wani asiri da ake tonawa a babin ƙarshe: ɗan da aka musanya, wasiyyar da aka ɓoye, aminiyar da ta zama kishiya. Ba laifi ba ne. Laifin shi ne a yi wa mai karatu ƙarya don a kare asirin. Alal misali, marubuci ya shiga zuciyar mugun tauraro a babi na uku ya nuna shi yana tunanin alheri shi kaɗai a ɗaki, sannan a babi na ashirin a ce tun farko shi ke ƙulla sharrin. Ko kuma a jawo wani baƙo da ba a taɓa ambata ba a ɗora masa laifi. Mai karatu zai yi mamaki sau ɗaya, amma ba zai sake ɗaukar littafin ba, domin ya gane an cuce shi.

Abin koyi daga wannan wasa abu uku ne. Na ɗaya, a ajiye gaskiya a fili, a ba mai karatu wani dalili na kau da kai daga gare ta, kamar yadda aka yi da tsegumin Martindale. Na biyu, duk wanda ake zargi a ba shi rai da buri nasa na kansa, kada a maimaita kuskuren da aka yi da Bland. Na uku, a auna nauyin asiri da yawan ɓarnar da zai yi wa mutanen da mai karatu ya riga ya ƙaunata, domin sunan mai laifi kalma ɗaya ce, da an faɗe ta ta ƙare.

Kammalawa

Shawararmu ga duk wanda ya kammala rubuta labari mai asiri ita ce, kafin ya kai wa maɗaba'a, ya nemi mutum guda ya gaya masa ƙarshen labarin tun kafin ya buɗe shafin farko, sannan ya miƙa masa rubutun. In ya karanta har ƙarshe bai ajiye ba, to an yi aiki. In kuwa ya tsaya a shafi na goma, sai a koma a sake zama, tun kafin kasuwa ta yanke nata hukuncin.