Kujera biyu ba ta isar auren Garwa

Jiya na dawo daga wani taron bita a nan Garwa, har yanzu raina bai kwanta ba. An tara ma'aikatan jinya, 'yan ƙungiyoyi da wasu ma'aurata da ake so su riƙa zuwa neman shawara, wai za a nuna mana sabuwar hanyar gyara aure. Mai gabatarwa ta haska hoto a bango: kujeru biyu na fuskantar juna, miji a ɗaya, mata a ɗaya. Sai sunan John Gottman na Amurka, sai Sue Johnson da hanyar da ta faro a Kanada cikin shekarun 1980. Awa uku cur da Faransanci, a garin da faɗan mata da miji da Fulatanci ko Hausa ake yin sa.

Kujera biyu, jama'a! Wane aure ne a unguwar Fulɓere ko Yelwa mai mutum biyu kacal? Ina kujerar uwar miji? Ina ta kishiya, wadda dokar Kamaru ta 1981 ma ta san da zamanta, tunda a ofishin magajin gari sai an rubuta ko auren mace ɗaya ne ko fiye? Ina waliyyi, ina gwaggon da ake zuwa biko wurinta idan an yi yaji? Na ɗaga hannu na ce, "Hajiya, idan matar da kishiya fa?" Ta ce a wani zama za a duba wannan. To, wannan ɗin ai shi ne maganar.

Abin da ya fi ƙona mini rai, an yi kamar sulhu baƙo ne a wurinmu. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta tanadi mai sasantawa ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Limamai da fadar Lamiɗo sun daɗe suna wannan aiki. Ko liman ɗaya ba a gayyata ba, alhali wurinsa mutanen nan za su fara zuwa.

Gaskiya ɗaya dai sai na faɗe ta ko ba daɗi. Zauren sulhun namu ya sha rufe bakin mace da kalma guda, munyal, wato haƙuri. Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa, a kan wannan kalma ta gina littafin da ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a 2020. Dokar da baƙin nan suka zo da ita, cewa mace ta faɗi damuwarta da bakinta, miji ya saurara har ta dire bai katse ta ba, ina so in gan ta a zauren kowane liman.

Amma a kawo ta da harshen da matar take kuka da shi, a kuma ƙaro kujeru. Wata mata da ke gefena ta zauna awa ukun nan ba ta fahimci komai ba. Da muka fito ta tambaye ni a hankali ko an ce wani abu game da rabon kwana.