Tarihin da Aka Tono a Juji: Sharhi kan Littafin Peter Parsons

A ƙarshen shekarar 1896, wasu matasan masana biyu daga Jami'ar Oxford, Bernard Grenfell da Arthur Hunt, suka sauka a al-Bahnasa, kimanin kilomita 160 kudu da Alƙahira. Nan ne kufan tsohon birnin Oxyrhynchus, sunan da ke nufin kifi mai tsinin hanci. Jujin garin suka tona. Da yake ruwan sama bai cika sauka a wurin ba, takardun fafirus da aka zubar shekaru aru-aru ba su ruɓe ba. An kwashi gutsattsari kusan 500,000, kuma tun 1898 ake wallafa su, har yau ba a gama ba.

Da wannan tarin Peter Parsons ya gina littafinsa, City of the Sharp-Nosed Fish, wanda ya fito a 2007. Abin da ya fi burge ni shi ne bai tsaya kan fitattun marubuta ba. Rasit ɗin haraji, yarjejeniyar koyon saƙa, ƙorafin wanda aka yi wa sata, takardar gayyatar cin abinci: da su ya tayar da gari sukutum.

Dubi irin muryoyin da jujin ya adana. Wani yaro, Theon, ya rubuta wa mahaifinsa cikin fushi don ya ƙi tafiya da shi Iskandariya, yana barazanar ba zai ci ba, ba zai sha ba. Wani magidanci, Hilarion, ya aika wa matarsa Alis wasiƙa shekara 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya lallashe ta cewa ba zai manta da ita ba, ya kuma umarce ta, in ta haifi mace, a yar da ita. Tausayi da rashin imani ne a takarda guda, kuma da wuya marubucin ƙagaggen labari ya yi ƙarfin halin haɗa su haka.

Sai dai akwai inda littafin ke ɗingishi. Girkanci ne harshen mulki, don haka masu Girkanci ne ke magana. Manomin Masar wanda guminsa ya ciyar da birnin Rum yakan bayyana ne a jerin masu biyan haraji, ko a ƙasan takardar da wani ya sa hannu a madadinsa don bai iya rubutu ba. Parsons ya san da wannan giɓin, amma daɗin labarinsa kan sa mai karatu ya manta, ya ɗauka ya ji bakin kowa.

Duk da haka, ina ba marubutanmu shawarar su neme shi. Zai nuna musu yadda takardar bashi guda ke ɗauke da labarin gida. Su dai riƙa tambaya a kowane shafi: wa ya riƙe alƙalamin, kuma wa aka rubuta a madadinsa?