Garin Da Ya Koma Bakin Titi: Sharhi Kan Ci Gaban Birnin Kudu Da Gwaram

Wanda ya taso daga Kano ya bi ta Wudil da Kwanar Huguma, idan ya iso Birnin Kudu da almuru, abin da zai fara cika masa ido shi ne haske da hayaniya. Ga gidajen mai, ga shaguna jere, ga teburan masu shayi da tukubar masu tsire, ga 'yan acaba suna saƙa tsakanin manyan motoci. Baƙo yakan ce, lallai gari ya ci gaba. Ba ƙarya ya yi ba. Sai dai abin da ya gani layi ɗaya ne tak, kamar ƙyallen da aka yi wa riga ado da shi a wuya. Da zai sauka ya yi taku ɗari biyu zuwa cikin lungu, da ya tarar da yarinya da bokiti tana jiran layin ruwa, da kwatar da ta rasa mafita ta kwanta a tsakiyar hanya.

Birnin Kudu ba baƙon gari ba ne a tarihi. A duwatsun da ke gefensa, Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, akwai zanen shanu da mutanen da suka shuɗe suka bari, waɗanda Bernard Fagg ya yi nazari a kansu a shekarun 1950. Kwalejin Gwamnati ta garin ta yaye mutanen da ƙasa ta san da su, har da Aliko Dangote. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnan farar hula na farko, Ali Sa'ad Birnin Kudu, ɗan garin ne. Sule Lamido kuwa, wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015, mutumin Bamaina ne a wannan ƙaramar hukuma. Ƙidayar 2006 ta ba Birnin Kudu mutum sama da dubu 300, Gwaram kuma sama da dubu 270. Ke nan ba za a ce yankin ya rasa jama'a ko ya rasa manya ba. Tambayar ita ce, wane irin gari ake ginawa da wannan arziki?

A tsarin garin Hausa na dauri, zuciyar gari sananniya ce: fada, masallacin Juma'a, dandali da kasuwa, unguwanni kuma suna kewaye da su. Kowace unguwa da mai unguwarta, da rijiyarta, da kududdufinta. Mutane da yawa suna kallon kududdufi a matsayin ramin ƙazanta kawai, alhali shi ne ma'ajiyar ruwan sama. Daga cikinsa aka haƙi ƙasar da aka gina gidajen unguwa, shi kuma ya riƙa karɓar ruwan da ya zubo daga indararonsu. Babu injiniyan da ya zana wannan, amma tsari ne mai kai da gindi. Yau fuloti ya yi daraja, sai aka bi kududdufai ana cike su da shara ana yankawa. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Idan damina ta yi nauyi, kamar yadda aka gani a faɗin Jigawa a 2022, sai ya dawo neman tsohon masaukinsa, ya tarar da ɗakin wani a wurin, ya shiga. An rushe tsohon tsari ba a kafa sabo ba, domin magudanar siminti da aka yi iyakarta gefen kwalta, inda idon mai wucewa yake kaiwa.

Zuciyar gari ta tashi daga ƙofar fada ta koma bakin titi, kuma babu wanda ya zauna ya yanke shawarar hakan. Mota ce ta ja ciniki, ciniki ya ja shaguna, shaguna suka ja darajar fili. Laifin ba na 'yan kasuwa ba ne. Inda mai saye yake nan mai sayarwa zai kafa rumfa. Amma babbar hanyar da ta haɗa jihohi an yi ta ne domin gudu, tsakiyar gari kuwa wurin tafiya a ƙasa ne, wurin tsohuwa mai sanda da ɗan makaranta mai jaka. Haɗa biyun a wuri guda ba tare da tasha ta gari ba, ba wurin ajiye manyan motoci, ba mahayar masu ƙafa, tamkar shimfiɗa tabarma ce a kan turbar shanu.

A nan dole a yi adalci. Titunan cikin gari da fitilun kan hanya da gwamnatocin jihar suka yi a hedikwatocin ƙananan hukumomi sun canza rayuwa ta gaske. Mai ƙosai ta ƙara awa biyu a kan kaskonta, ɗalibi ya sami inda zai duba littafi, mace mai naƙuda ta sami hanyar da mota za ta bi. Wanda ya raina wannan bai san duhun da aka fito daga ciki ba. Abin da nake suka shi ne yadda muka mai da kwalta da fitila su kaɗai ne ma'aunin ci gaba, har ya zamana idan ɗan siyasa ya lissafa kilomita sai a yi tafi a watse. Dalilin a fili yake. Titi ana buɗe shi da almakashi da ɗan ƙyalle, a ɗauki hoto. Gyaran famfon da ya lalace, da yashe kwata, da kwashe bola duk mako, ba su da ranar biki. Aiki ne na kullum, mara suna, wanda ba a kafa masa allo, shi ya sa ba shi da uba.

Dubi ruwan sha. A unguwanni da dama magidanci yana sayen ruwa jarka-jarka daga 'yan garuwa, su kuma suna saya daga mai burtsatse, shi kuma yana sayen mai ya zuba wa inji. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowane mataki na wannan sarƙa ya yi tsada, kuma a kan na ƙarshe nauyin yake sauka. Talakan da ba shi da halin haƙa burtsatse a gidansa shi ne yake biyan kuɗin ruwa mafi yawa. Famfunan sola sun kawo sauƙi inda aka kafa su, amma sau nawa muka ga tanki tsaye ƙayau a bushe saboda ƙaramin abu ya ƙone, an rasa wanda haƙƙin gyara yake wuyansa? Haka zancen wuta yake. Mai walda, da tela, da mai injin markaɗe, da mai sayar da ruwan sanyi, kowa da ɗan janaretonsa, kowa yana ƙona ribarsa a hayaƙi.

Babbar kadarar Birnin Kudu a yau ita ce Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, tare da makarantar koyon aikin jinya. Majinyata suna zuwa daga ƙauyukan Buji da Gwaram, har daga maƙwabta a Jihar Bauchi. A al'adarmu mara lafiya ba ya tafiya shi kaɗai. Uwa ko ƙanwa ko ɗa na biye da shi, wani lokaci mako biyu ko uku. Waɗannan masu jinya baƙin gari ne, ba na asibiti ba. Suna buƙatar masauki mai araha, da makewayi mai tsafta, da wurin wanka da wanki, da abinci mai kyau. Garin da ya san ciwon kansa zai ga cewa nan akwai lada kuma akwai kasuwa. Na taɓa yin jinyar wata gwaggota a wani asibiti, na kwana tara a kan tabarma ƙarƙashin bishiyar darbejiya, kuma abin da ya fi ba ni wuya ba sauro ba ne, neman inda mace za ta kama ruwa cikin mutunci ne. Tun daga lokacin, idan aka ce mini gari ya bunƙasa, nakan fara tambayar ban-ɗakin kasuwarsa.

Gwaram tata matsalar daban ce. Ga Tsohuwar Gwaram ga Sabuwa, ga kuma garuruwa masu nauyin kansu kamar Sara da Basirka da Farin Dutse da Fagam. Arzikin yankin a warwatse yake, kuma hanya ce igiyar da ta ɗaure shi. Kasuwar Sara tana tara amfanin gona da dabbobi, fatake suna lodi suna wucewa, ana karɓar kuɗin shiga a kan buhu da kan dabba. Mai rumfa yana da ikon ya tambayi nawa ne daga ciki yake dawowa a matsayin inuwa da ruwa da magudana. A watan Agustan 2021 ambaliya ta karya gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, motoci suka afka cikin dare, mutum 21 suka rasu. Mutuwa da ajali take, babu musu. Amma duba lafiyar gada kafin damina, da kafa shinge idan ta karye, aikin mutum ne, kuma yana daga cikin irin ayyukan nan marasa ranar biki.

To wa zai ɗauki wannan nauyi? A takarda, na ƙaramar hukuma ne. Tun gyaran 1976 aka tsara ta a matsayin gwamnatin da ta fi kusa da jama'a, kuma kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata kula da kasuwanni da tashoshin mota da makewayin jama'a da magudanan ruwa da kwashe shara, har da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. A aikace, shekaru da yawa kuɗinta yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, sai sakatariya ta koma wurin biyan albashi. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ko da an aiwatar da shi ɗari bisa ɗari, kuɗi ba ya zana taswira. Idan shugaban ƙaramar hukuma shi ma burinsa ya yi abin da za a buɗe da almakashi, an gudu ba a tsira ba.

Mu ma 'yan gari da namu kason. Mu ne muke tura katangar shago taku uku cikin hanya, mu zuba shara a kwalbati da daddare, mu sayi fuloti a kan hanyar ruwa muna sane, saboda araha. Dattawa suna ba da labarin duba-gari, wanda yakan shiga gida ya leƙa randa, mata suna rawar jiki. Ba tsoron nan nake kewa ba, amma a lokacin akwai wanda aikinsa ne ya duba. Yanzu sababbin unguwanni suna tsirowa a gonakin bayan gari, dillali da igiyar awo su ne masu tsara su. Ba a ware filin makaranta, ba na asibitin sha-ka-tafi, ba na maƙabarta, layin kuma da ƙyar motar kashe gobara za ta shige shi. Kowace damina da ta wuce ana ƙara aza bulo, kuma filin da yau za a iya keɓewa da turaku huɗu, nan da shekara goma sai an rushe gidan wani an biya diyya kafin a same shi.