3.4 Tasirin Rangwamen Haraji a kan Muhallin Labari: Misalin Fim ɗin Gran Torino

A wannan sashe za a duba yadda tallafin gwamnatin jiha yake shiga cikin labarin fim, ba aljihun furodusa kaɗai ba. Misalin da aka ɗauka shi ne Gran Torino, wanda Clint Eastwood ya ba da umarninsa kuma ya fito a ciki a shekarar 2008.

A wannan shekara ce Jihar Mishigan ta Amurka, a zamanin Gwamna Jennifer Granholm, ta yi dokar mayar wa masu shirya fim har kashi 42 cikin ɗari na abin da suka kashe a jihar. Shi kuwa marubucin, Nick Schenk, a Jihar Minesota ya gina labarinsa, domin a can ne ya yi cuɗanya da 'yan ƙabilar Hmong, waɗanda suka yi hijira daga ƙasar Lawos bayan yaƙin Biyetnam. Da rangwamen ya samu, sai aka kwashe labarin ɗungurungum aka kai shi yankin Detroit.

Idan aka yi la'akari da tauraron, wato Walt Kowalski, za a ga cewa ƙaurar ta yi masa rana. Tsohon ma'aikacin kamfanin Ford ne, kuma Detroit ita ce cibiyar ƙera motoci da ta durƙushe. Saboda haka kangayen unguwar da motarsa ƙirar 1972 suna bayyana halinsa tun kafin ya buɗe baki. Sai dai kuma maƙwabtan nasa su ne suka yi asara. A Minesota 'yan Hmong al'umma ce babba mai kasuwanni da ƙungiyoyi da wakilai a majalisa, amma a fim ɗin sun fito tamkar 'yan tsiraru marasa gata, masu jiran wani dattijo Bature ya cece su. A ra'ayin mai wannan nazari, raunin yana cikin rubutun tun asali, amma canjin wuri ya ƙara fito da shi.

Ita kanta jihar ba ta daɗe a kan tsarin ba. Gwamna Rick Snyder ya taƙaita kuɗin zuwa dala miliyan 25 a shekarar 2011, sannan aka soke shirin baki ɗaya a 2015.