Jini da Dangi: Nazarin Jigon Fim ɗin Dark Shadows

A wannan ɗan sharhi za mu dubi fim ɗin Dark Shadows wanda Tim Burton ya ba da umarninsa a shekarar 2012, aka kuma ɗauko shi daga wasan talabijin na Dan Curtis da aka nuna a Amurka daga 1966 zuwa 1971. Tauraronsa shi ne Barnabas Collins (Johnny Depp), ɗan attajirai da suka baro Liverpool a 1760 suka kafa garin masunta mai suna Collinsport a jihar Maine. Ya yi lalata da baiwar gidansu, Angelique, sannan ya guje ta. Ita kuwa ashe matsafiya ce. Ta hallaka iyayensa da masoyiyarsa, ta mayar da shi gawa mai yawo da shan jinin mutane, ta sa aka binne shi cikin akwati. Bai fito ba sai a 1972.

Babban jigon fim ɗin shi ne riƙon zumunci, kuma kalmar jini ce ke ɗauke da shi ta fuska biyu: jinin da Barnabas ke sha, da jinin da ya haɗa shi da danginsa da ya tarar sun tsiyace. Wannan hikima ce, ba mu musa ba. Haka nan raha ta yi armashi a wurare, musamman inda ya ga harafin M na McDonald's yana haske ya zaci tambarin Shaiɗan ne.

Amma a ganinmu nan ne gizo ke saƙar. Ma'aikatan da suka tono akwatinsa, duk ya shanye jininsu. Matasan da suka karɓe shi hannu biyu a bakin wuta, su ma haka. Ba wanda ya yi makokinsu, sai ma aka mai da mutuwarsu abin dariya, domin ba jinin Collins ba ne. Angelique kuwa, wadda tun tana ƙarama aka nuna mata matsayinta na mai goge daɓe, ita aka ɗora wa dukkan mugunta. Ko da ta ciro zuciyarta ta miƙa masa a ƙarshe, bai karɓa ba. Mai kallo na iya tambaya: wa ya fara zalunci? Fim ɗin ya tayar da wannan tambaya da kansa, sa'an nan ya kau da kai.

Ta fuskar zubi da tsari ma akwai rauni. Labarin da aka shimfiɗa cikin shekaru biyar an cusa shi cikin ƙasa da sa'o'i biyu, har yarinyar gidan, Carolyn, ta rikiɗe ta zama kyarkeci dab da ƙarewa ba tare da wata shimfiɗa ta kirki ba.