Karatun Bangon Rami

Daga Bawku zuwa Kulungugu, kan iyakar Burkina Faso, in ka leƙa ta tagar mota sai ka ce ƙasar duk iri ɗaya ce: gero, dawa, kaɗanya nan da can. Masanin ƙasa ba ya yanke hukunci daga sama. Sai an haƙa.

Ɗaliban aikin gona na jami'ar UDS, wadda aka kafa a Tamale a 1992, a Nyankpala suke koyon wannan. Da diga da shebur ake haƙa rami, zurfin mita ɗaya da rabi ko fiye, a bar bango ɗaya yana kallon rana. Ƙasar da aka fitar can gefe ake zuba ta, kada a tattake bakin bangon da za a karanta. Sai a bi fuskarsa da tsinin wuƙa daga sama, ana ɓantarar ta kaɗan-kaɗan, domin shebur yakan shafe ta ya ɓoye kamanninta. A rataya tef ɗin awo. Nan hawa-hawan ƙasa ke fitowa, na sama mai duhu saboda ruɓaɓɓen ganye, na ƙasa ja.

Sauran aikin na yatsa ne. A ɗebi ƙasa, a ɗiga mata ruwa, a murza tsakanin babban yatsa da manuniya. In ta yi ƙaras-ƙaras ta watse, yashi ya yi rinjaye. In ta miƙe siririya har ta wuce santimita 5 ba ta karye ba, laka ce. Launi ma ba a cewa "ja-ja" a wuce. Akwai littafin Munsell, a kara ɗan gutsure da shafinsa har a sami lambarsa. Toka-toka mai ɗigon tsatsa kuwa shaida ce cewa ruwa na kwana a wurin da damina. Wanda ya tsaya a bakin rami hannu a aljihu yana kwafar littafin abokinsa, lamba kawai zai tafi da ita.

A Alaska ko Siberiya, ƙasar da ta daskare shekara da shekaru ce ke tsayar da mai haƙa. A nan marmara ce, ƙasa mai ƙarfe wadda in ta sha jiƙa da bushewa take komawa dutse. Diga na buga ta za ka ji ƙarar ta sauya, sai a rubuta zurfinta. In tana kusa da sama, saiwa ba ta da wurin nutsewa, ruwan kwana biyu ya kwanta a gona, farin mako biyu ya ƙona shuka.